Injin zuƙar ƙura a gidajen Maraɗi: yadda za ka zaɓe shi, ka more shi, bai ƙone ba

Injin zuƙar ƙura, wanda ƴan kasuwa suka fi kira aspiratar, ba tsufa ke kashe shi a Maraɗi ba, shaƙewa ce. Dalilin yana cikin ƙirarsa. Iskar da yake zuƙa, bayan ta sauke dattinta a jaka ko a kwano, ta cikin moter take bi ta fice, kuma ita ce ke sanyaya shi. Yawancin na gida ba su da wata fanka dabam ta sanyaya. Saboda haka duk abin da ya rage iskar nan, jaka ce ta cika, filta ce ta toshe, ko leda ce ta maƙale a tiyo, zafi yake ƙara wa moter da ke juyawa sau dubu 20 zuwa dubu 40 a minti ɗaya. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin. Ragowar rabin yana wajen wuta.

Dattinmu kuma iri biyu ne, kowanne da irin ɓarnarsa. Akwai rairayi, wanda takalmi da iska ke shigowa da shi daga tsakar gida da hanyoyin unguwa da ba kwalta. Yana da nauyi, yana da kaifi, yana cin cikin tiyo da kwanon roba a hankali, yana cika jaka tun ba a je ko'ina ba. Akwai kuma ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, wadda iska ke ɗauko mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ita wannan laushinta ya fi na gari, ba ta da nauyi, amma tana liƙe ƙofofin jaka da na filta kamar an shafa yumɓu. Za ka ɗaga jaka ka ji ba komai a ciki, alhali iska ba ta ratsa ta. Waɗanda suka ƙera injinan nan gashin kare da ɓurɓushin burodi suka fi tunani, ba hazon Janairu ba. Duk wa'adin da littafin inji ya ba da na wanke filta ko sauya jaka, a nan raba shi biyu.

Karanta rubutun ƙarƙashinsa kafin ka taya

A ƙasan kowane inji akwai ƴar takarda ko rubutun da aka buga a jikin robar. Shi ne abin dubawa na farko, ba kwali ba. Wutar gidajenmu bolt 220 ce, saboda haka ana son ka ga 220-240V. Idan ka ga 120V na Amurka ne, idan 100V na Japan ne, kuma irinsu kan biyo kayan gwanjo. Ƙaramin mahaɗin da ake ƙwaƙuba wa filogi don ya shiga soket ba ya sauya ƙarfin wuta ko kaɗan. Ka jona injin 120V kai tsaye, zai yi wata irin kururuwa na ƴan daƙiƙu, sai ƙauri. Na Amurka yawanci amfiya 12 ake rubuta musu, wato kusan wat 1440, don haka sai da taransifoma mai ɗaukar wat 2000 ko fiye, mai nauyi da tsada. Ko kyauta aka ba ka, lissafin ba ya fita.

Sai maganar wat, inda aka fi cutar masu saye. Wat wutar da inji ke ci ce, ba ƙarfin zuƙarsa ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da na gida da ya wuce wat 1600 daga Satumban 2014, ta sake saukar da iyakar zuwa wat 900 daga Satumban 2017, ta kuma ce ƙararsa kada ta wuce desibel 80, moter kuma ya iya aikin awa 500 aƙalla. Masu ƙira suka gyara fanka da bakin shara, injinan wat 700 zuwa 900 suka ci gaba da share kafet ba tare da an ji bambanci ba. Wannan yana ba ka hanyar gane shekarun kayan Turai na hannu: mai wat 2000 ko 2200 ya riga dokar 2014, ya ci shekarunsa. Sababbin da ke zuwa daga Dubai ko Sin dokar ba ta hau kansu ba, kuma a cikinsu ne ake samun rubutun ƙarya. Soket mai amfiya 16 a kan bolt 220 iyakar abin da zai bayar wat 3520 ne. Injin da ka ɗauka da hannu ɗaya aka rubuta masa 4800W, ado ne kawai. Idan akwai alƙaluman zuƙa, su suka fi amfani: mai waya mai kyau yakan kai wajen kPa 20, yana jan iska lita 30 ko fiye a daƙiƙa.

Duba kuma ko akwai hoton murabba'i a cikin murabba'i. Alama ce ta cewa an killace wutarsa ninki biyu, ba ya buƙatar wayar ƙasa. Tunda gidaje da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, wannan alamar tana da muhimmanci.

Wane iri ya dace da mu

Mai jaka, wanda ake ja a ƙasa, shi ya fi kare moter daga ƙurar hunturu, domin jakar kanta babbar filta ce da ake jefarwa. Matsalarsa ɗaya: samun jakar. Kowane kamfani da irin bakin jakarsa. Kafin ka biya, tambayi mai shago ya nuna maka jakunkunan a hannu, ka sayi ƙunshi biyu ko uku tare. Idan ya ce za su iso, ɗauka ba za su iso ba. Jakar yadi da ake zazzagewa a mayar tana fid da kai kunya, sai dai tana barin ƙura mai laushi ta wuce fiye da ta takarda ko ta ulu, don haka filtar bayanta ta fi shan wahala.

Mara jaka, mai kwano, yana juya iska kamar guguwa, datti mai nauyi ya faɗi ƙasa. Rairayi yana rabuwa da kyau ta wannan hanya. Ƙura mai laushi kuwa, a masu araha, wucewa take yi ta tafi kan filta. Ba ka sayen jaka, amma ka ɗauki aikin wanki kowane mako. Gidan da ba za a riƙa yin wankin nan ba, kada a kai shi.

A ganinmu wanda ya fi jure Maraɗi shi ne mai siffar bokiti, mai cin lita 15 zuwa 30, wanda ke zuƙar busasshe da jiƙaƙƙe. Moter yana sama a murfi, datti yana faɗawa ƙasa, tiyonsa yana da faɗi, kuma da yawansu iskar sanyaya moter dabam take da iskar datti. Ba shi da kyan gani, yana da ƙara, yana cin wuri. Amma ga babban falo, ga masallaci mai shimfiɗar kafet bango zuwa bango, ga mai wankin mota, shi ne. A sa masa jaka a ciki lokacin hunturu, filtarsa za ta daɗe.

Mai batir, mai kama da sanda, yana da daɗin ɗauka kuma bai damu da ɗaukewar wuta ba. Ƙwayoyin batirinsa na litiyom ne, kowace bolt 3.6, shi ya sa za ka ga 14.4V mai ƙwaya huɗu, 21.6V mai shida, 25.2V mai bakwai. Mintunan da aka rubuta a kwali na ƙaramin gudu ne. A babban gudu da kyar yake wuce minti goma. Zafi ne abokin gabansa. Ba a cajin litiyom idan zafinsa ya haura digiri 45, mu kuwa a Afrilu da Mayu ɗakin kwano da rana yana iya kai wa can. A yi caji da dare ko da asuba, a ƙasa kan siminti, ba kan katifa ba, da cajarsa ta asali, kuma a bar shi ya huce rabin awa bayan aiki kafin a jona. Batirin da ya kumbura ko yake wani wari, a fitar da shi daga ɗaki. Na gwanjo mai batir kuwa caca ce, don batirin ne tsadar.

Ɗan mutum-mutumin nan mai zagaya ɗaki da kansa, dokin ƙofa da tabarmi da rairayi sun ishe shi. Wuce shi.

Gwajin da za ka yi a shago

Kada ka karɓi inji, sabo ko na hannu, ba a kunna a gabanka ba. Buɗe shi tukuna ka shinshina: ƙaurin ƙonannen fenti yana nufin wayoyin moter sun taɓa gasuwa. Cire filtar da ke gaban moter ka leƙa bayanta. Idan ka ga ƙura ta yi kauri a can, an yi aiki da shi ba jaka ko ba filta. Taɓa robar da ke zagaye da murfi ka tabbatar ba ta bushe ta tsage ba. Jawo wayar duka har jan layin da ke ƙarshenta, ka bi ta da yatsa kana neman kumburi ko ɗauri.

Sannan a kunna. Ɗora tafin hannu a bakin injin kansa, ba tiyo, ka ji kamun. Sa tiyo ka sake ɗorawa a ƙarshensa. Idan kamun ya ragu sosai, tiyon ya huje ko ya toshe. Bar shi ya yi minti biyar zuwa goma, don wasu sai sun ɗau zafi suke mutuwa. Leƙa ta inda iska ke fita: ɗan tartsatsi shuɗi ƙarami ba laifi, amma walƙiya mai zagaye da ƙara kamar ana soya abu alamar sharbon, gawayin da ke goga wa moter wuta, ya ƙare ne ko moter ya fara tafiya. Kashe shi ka saurara. Lafiyayye yakan sauka a hankali cikin santsi. Mai gurnani ko ƙarar niƙa a ƙarshe, boris ɗinsa, ƙwallayen ƙarfen da moter ke juyawa a kansu, ya ci ƙasa.

Wuta

Raba wat da 220, ka sami amfiyar da inji ke ja. Mai wat 900 wajen 4 yake ja, mai 1600 ya ɗan haura 7, mai 2000 wajen 9, kuma a daƙiƙar tashi yana fizgar ninkin haka. Ƙananan ralonj masu araha da ake sayarwa don cajin waya da talabijin, siririyar wayarsu ba ta ɗaukar wannan. Tana yin laushi, bakin soket ya narke. Idan dole sai da ralonj, a nemi mai kaurin 1.5 mm², a warware shi duka, domin wayar da ke naɗe tana tara zafi. Inji shi kaɗai a kai, ba tare da dutsen guga ko hita ba. Gidan da kontarsa ta kilowat 3 ce, inji mai wat 2000 da dutsen guga tare sun isa su faɗar da dijonktar.

Kayan da suka biyo ta Jibiya da Ɗan Isa daga Katsina ko Kano sau da yawa filoginsu mai ƙafa uku masu kusurwa ne, irin na Ingila, ga fiyus a ciki. Soket ɗinmu kuwa galibi mai rami biyu zagayayyu ne. Ko dai a sa soket ɗin da ya dace da shi a bango, ko mai gyaran wuta ya sauya filogin da mai amfiya 16 mai kaurin ƙafa. Abin da ba a yi shi ne yanke filogi a cusa tsirarun wayoyi a toshe da tsinken ashana. Duk filogin da ka cire ka ji ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, soket ɗin ya saki, a sauya shi.

Wutar Maraɗi an daɗe ana shigo da ita ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya san yadda take yi a bazara. Idan ta yi ƙasa, inji yakan yi sanyin jiki, zuƙa ta ragu. Ba ya ƙonewa nan take kamar kwampresan firiji, amma aikin banza ne, gara a jira. Hawanta da dawowarta da ƙarfi ne ke kashe ɗan allon da ke daidaita gudu. Ga wani haɗarin da ba a cika lura da shi ba: maɓallin yawancin injinan nan yana zama a danne. An ɗauke wuta ana cikin shara, aka ajiye aka fita, wuta ta dawo, inji ya tashi shi kaɗai ya cafke labule ko gefen darduma, ya yi ta gudu a shaƙe ba kowa. Da an ɗauke wuta, zare filogi.

Istabilaizar talabijin mai VA 1000 ba ta ɗaukar sa. Ga mai wat 1600 a nemi ta 3000. Ƙaramin gurup mai wat 650 zuwa 950 shi ma a bar shi ya huta. Masu sola su yi lissafi: wat 1600 daga batirin bolt 12 yana nufin jan amfiya kusan 150, a bolt 24 kusan 75. Nan ne mai wat 700 ko 900 ke nuna amfaninsa. Kuɗin wuta dai ba shi ne abin tsoro ba, minti 15 da mai wat 1600 bai wuce kWh 0.4 ba.

A hunturu za ka iya jin ɗan tsartuwa, tas, idan ka taɓa bututun ƙarfe. Gogayyar busasshiyar ƙura da roba ce ke tara wannan, sau ɗaya take yi ta wuce, ba ta da illa. Wadda ke ci gaba da ja ko zuga hannu duk lokacin da ka taɓa, ita ce wutar gaske. Zare, kada a sake kunnawa sai an duba.

Sharar kanta

Tsintsiya ba ta yi ritaya ba. A fara kwashe rairayi da tsakuwa da ledar alewa da ita, a kaɗe tabarmi da ƙananan dardumai a waje. Daɓen siminti da tsakar gida ba aikin inji ba ne. Aikinsa kafet, kujeru, katifa, labule, lungun taga, da ƙurar da tsintsiya ke tayarwa kawai ta sake sauka.

A fara daga sama: saman kabad, labule, kujeru, a ƙare da ƙasa. A kan kafet, tafiyar hawainiya ake yi. Tura bakin gaba a hankali, jawo shi baya a kan layin, matsa gefe yadda sabon layi zai hau rabin tsohon. Inda aka fi takawa, bakin ƙofa da gaban kujera, a sake bi ta gicciye. Rairayi can gindin gashin kafet yake kwanciya yana yanka zaren duk lokacin da aka taka, kuma mai sauri saman kawai yake lasa. Kafet ɗin da ba a liƙe ba, a riƙa naɗe shi wata-wata a kwashe abin da ya taru a ƙarƙashi, za a sha mamaki.

Bakin shara yana da ɗan mataki da ake dannawa da ƙafa. A kan tayil a fito da gashin buroshi, don kada ƙarfe ya ja rairayi ya karce shi. A kan kafet a mayar da gashin ciki. A jikin mariƙi kuma akwai ƴar taga mai zamewa. Idan baki ya manne wa labule ko siririyar darduma, buɗe ta, iska ta shiga ta nan, kamun ya sassauta, moter ya numfasa. Bakin da ke da buroshi mai juyawa, gashin kitso da zaren ɗinki suna naɗe shi har ya tsaya, robar da ke juya shi ta ƙone. A zare wuta, a yanke da almakashi, mako-mako.

A bazara a yi shara da safe. Minti 15 zuwa 20, a ba shi hutu. Mai asma da jariri su bar ɗakin har a gama, sai dai in injin yana da filtar HEPA ta gaske, mai tare ƙura mafi laushi, kuma jikinsa ba ya yoyon iska. Lambar H13 tana tare kashi 99.95 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura mafi wuyar kamu, E10 kuwa kashi 85 ne. Wanda aka rubuta masa sunan kawai ba lamba, kada ka dogara da shi. Yara kuma su san ba abin wasa ba ne. Bakin tiyo a ido ko a kunne yana yin rauni na gaske.

Abin da ba a zuƙa

Na farko a gidajenmu shi ne toka. Tokar kaskon turaren wuta, ta murhun shayi, ta maganin sauro na kunnawa, guntun taba. Garwashi yakan kwana da rai a cikin toka, kuma jakar inji wuri ne da aka tara auduga da gashi ana hura musu iska, ba abin da ya rage sai wuta. Wani lokaci ba ta tashi sai bayan an ajiye inji a lungu. Ko tokar ta mutu sarai, laushinta yana toshe filta nan da nan. Haka siminti, farar ƙasa, garin filasta bayan gini, da garin tuwo in ya zube da yawa: a kwashe da tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma.

Moter ɗin nan tartsatsi yake yi a ciki duk lokacin da yake gudu, haka ƙirarsa take. Don haka ba a kunna shi inda ake warin gas, ko ɗakin da aka ajiye jarkar fetur, ko inda aka fesa maganin sauro yanzu-yanzu. Fetur ko kananzir da ya zube, ko da mai bokiti ba a zuƙarsa. Hodar maganin ƙwari da inda aka yayyafa fiya-fiya, inji zai watsa gubar ne cikin iskar ɗaki. Fasasshen ma'aunin zafin jiki mai ruwan azurfa da fasasshen dogon ƙwan fitila su ma haka, akwai makuri a cikinsu. Allura, reza da kwalba suna huda jaka da tiyo.

Ruwa, sai mai bokiti, shi ma sai an cire jaka da filtar takarda an sa ta soso. Yana da ƴar ƙwallo da ke tasowa ta rufe hanya idan ya cika. Da ka ji muryarsa ta sauya, kashe ka zubar. Injin busasshe kuwa ko kafet mai danshi ba a bi da shi, abin da ya kamata a tuna da damina. Idan hayaƙi ya tashi, zare filogi ko ka faɗar da dijonktar, fitar da shi waje, rufe da ƙasa. Ba a watsa wa abin da ke jone ruwa. In ta fi ƙarfi, lambar ƴan kwana-kwana 18.

Jaka da filta

Jaka a sauya ta idan ta kai kashi biyu cikin uku, a hunturu kuma da zarar zuƙa ta ragu ko da ba ta cika ba. Jakar takarda ba a farke ta a zazzage a ɗinke, ƙofofinta sun riga sun liƙe. Kwano a zubar bayan kowace shara, a waje, ka ba iska baya, ko ka zura shi cikin leda kafin ka buɗe.

Filta yawanci biyu ce. Ta gaban moter, soso ko ulu, ita ce mai gadin inji. A kaɗe ta bayan kowace shara, a wanke mako-mako a hunturu, da ruwan sanyi zalla ba omo, ana matsawa ba murɗawa har ruwan ya fito fari. A shanya a inuwa mai iska awa 24, da damina kwana biyu. Mayar da ita da danshi yana jawo abu uku: wari, taɓo a filta, tsatsa a moter. Mai hikima yakan ajiye biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya. Ta bayan moter, mai ninki-ninki kamar takarda, ba a wanke ta sai in an rubuta ana wankewa. Ba a goge ta da buroshi, ba a hura ta da iskar mai faci, duk suna yaga ta. A ɗan bubbuga ta, a sauya idan ta yi toka-toka har ciki. Kamfanoni kan ce shekara-shekara. A nan ƙarshen kowane hunturu a duba ta.

Cire filta gaba ɗaya don zuƙa ta ƙaru dabara ce ta kwana kaɗan. Ƙarfi zai dawo, rairayi kuma ya shiga fanka da boris.

A ajiye inji a ɗaki, ba a rana ba, domin rana tana busar da robar tiyo ta fara tsagewa. Jakar da ke da ɓurɓushin abinci tana gayyatar ɓera da kyankyaso, ɓera kuma ba ya barin waya. Wajen naɗe waya a riƙe filogin a raka shi, kada ya fyaɗi jikin inji.

Idan ya fara ciwo

Muryarsa ta yi sama, siririya, zuƙa kuma babu: toshewa ce. Mutane kan ɗauka ƙarfi ya ƙaru, alhali fankar ce ta rasa iskar turawa take gudun banza, kuma a lokacin ne ya fi zafi. Kashe. Cire tiyo, miƙe shi tsaye, jefa tsabar dala ashirin ta sama. In ba ta faɗo ba, ka samo wurin. Tura abin da ya toshe da sandar mofa ko tiyon ruwa, ba da waya mai tsini ba. Duba kuma gwiwar bakin shara da ƙofar shiga jaka. Zuƙa ta ragu amma murya ba ta sauya ba: yoyo ne, bi tiyo da hannu kusa da ƙarshensa biyu, nan yake tsagewa. Idan kusa da baki ne, ana iya yanke wurin a sake murɗa shi cikin mahaɗinsa. Wajen sayen sabon baki ko bututu a auna, akwai na milimita 32 akwai na 35, ba sa shiga juna.

Ya mutu da kansa yana tsakar aiki, jikinsa zau: ɗan makunnin kariyar zafi ne ya yanke. Zare, share hanyar iska, jira rabin awa zuwa awa ɗaya, zai dawo. Idan ba a gyara dalilin ba zai maimaita. Wani mai gyara zai ce bari ya haɗe wayar ya tsallake makunnin don ya daina mutuwa. Kada ka yarda. Shi kaɗai ne tsakanin moter da gobara. Haka fiyus da aka naɗe da waya.

Yana kamawa yana saki idan an motsa waya: ta karye a ciki, yawanci dab da filogi ko inda take shiga inji. A yanke a sa sabon filogi, ko a sauya wayar duka. Ɗauri da leda ba gyara ba ne ga wayar da ake ja a ƙasa inda yara ke rarrafe.

Tartsatsi mai yawa, gudu yana hawa yana sauka: sharbon ne, ƴan sandunan gawayi biyu da ke goga wa moter wuta. Cinyewa suke yi, haka aka yi su. Awa 500 ɗin nan na dokar Turai, ga mai sharar awa ɗaya a mako kusan shekara goma ce. Ga mai minti 20 kullum, shekara huɗu da ɗan kai. Idan sun rage wajen milimita 5 ko 6, a sauya duka biyun tare, da masu kaurin da ya dace da gidansu, a goge jan ƙarfen da suke gogawa da takardar yashi mai laushi. Gyara ne mai araha idan an yi da wuri. In aka bari har sifirin ya taɓa jan ƙarfen, moter ya tafi.

Moter da ya ƙone, masu naɗin waya sukan ce za su sake naɗa shi kamar na fanka. Fankar sama juyinta ɗaruruwa ne a minti, wannan dubbai goma-goma, ɗan bambancin nauyi kaɗan zai sa ya yi ta rawa har ya cinye boris. Sauya moter ɗin ɗungurungum ya fi. A tafi da tsohon kasuwa a gwada faɗi da tsawo, a daidaita bolt da wat, a tabbatar robobin da yake zama a kansu sun koma daidai, in ba haka ba iska za ta riƙa zagayawa a ciki ba ta ja daga tiyo. Idan kuɗin moter da na aiki sun haura rabin kuɗin sabon inji, ga tiyo ya tsufa, ga jaka ba a samu, a cire tiyo da bututu da bakunan a ajiye, don sau da yawa suna shiga wani injin.